Igiyar da Aka Zare wa Hanji

Akwai wani mutum mai kiwon zuma, ana ce masa Baba Habila. Tsufa ya kama shi, ƙarfin noma ya ƙare masa, kuma Allah bai ba shi haihuwa ba, balle a ce ga wanda zai riƙe masa fartanya. Daga shi sai matarsa Tabita, sai amya tara da yake da su a kurmin bayan gari. Amyoyin nan su ne gonarsu, su ne rumbunsu. In zuma ta yi albarka, ya kai ta kasuwa ya musanyo dawa da masara, su ci har shekara ta zagayo. In ba ta yi ba, to, sai abin da maƙwabta suka miƙo ta kan danga, kuma Baba Habila mutum ne da ya gwammace ya kwana da yunwa da ya miƙa ƙwarya.

Shekara arba'in yana hawa itace yana ɗora amya a tsakanin rassa. Wata rana ƙafarsa ta zame daga kan kaɗanya, ya faɗo, ya yi wata biyu a kwance. Da ya miƙe, Tabita ta tsaya a bakin ƙofa ta ce masa in ya sake hawa itace, to ya fara haƙa mata kabari tukuna. Ya san ba wasa take yi ba. Sai ya zauna ya yi tunani, ya ga ai ba dole sai mutum ya hau ba. In aka sa amya a cikin ragaya, aka jefa doguwar igiya ta haye reshe, ana iya janta sama daga ƙasa, a ɗaure igiyar a gindin itacen. Ranar ɗibar zuma kuma a sassauto ta a hankali. Dabarar ta yi, sai dai igiyar rama da ta kaba ba za su jure ba, rana ta ci su, gara ta ƙarasa. Igiyar da za ta iya wannan aiki guda ɗaya ce, wadda mutanen garin suke kira igiyar laima.

Kun san ta, yawancinku ma kuna sanye da ita a hannu. Siririyar igiyar roba ce mai launi iri-iri, an ce da irinta ake haɗa laimar da sojoji suke saukowa da ita daga jirgin sama. A ido ba ta fi kaurin tsinken tsire da yawa ba, amma ta ƙwarai sai ta riƙe buhun hatsi ba ta ko yi ƙara ba. Asirinta kuwa a ciki yake. Launin da kake gani riga ce kawai aka saƙa mata. In ka yanka bakinta za ka tarar da fararen zare guda bakwai a kwance a ciki, su ne hanjinta, su ne suke ɗaukar nauyi. Riga aikinta ta kare su daga rana da gugar itace.

Masu zuma na wannan gari suna da wata al'ada tun kakanni. Kowane gida da launinsa, ana ɗaura ƙyalle ko zare mai launin a jikin amya, don kada wani ya sauke ta wani ya ce kuskure ne. Ja na gidan Sarkin Zuma ne, shuɗi na mutanen ƙetaren rafi. Na Baba Habila tun daga ubansa ruwan ɗorawa ne.

Ya sayar da ɗan akuyarsa guda, ya hau mota ya tafi birni. Mai shago ya baje masa igiyoyi kamar bakan gizo, yana ta yabon wata kore mai ɗigon baƙi, wai ita ake yayi. Baba Habila ya ce kore a cikin ganye, da wane idon zai gan ta? Shi ruwan ɗorawa yake so, wadda ko daga bakin kurmi zai hango ya san tasa ce. Aka kawo masa iri biyu, launi ɗaya, sheƙi ɗaya, ɗaya ta fi araha. Ya ciro reza daga aljihu ya yanki bakin kowacce. Mai arahar, wani tarkacen auduga ne aka cusa mata a ciki. Ɗayar kuwa ya baje bakinta a tafin hannu, ya kai kusa da ido, ya ƙirga: ɗaya, biyu, har bakwai. Mai shago ya yi dariya ya ce, "Baba, kai ba a cin ka da ido." Baba Habila ya biya, ya ɗauki naɗin igiyar gaba ɗaya ya dawo gida yana jin kansa kamar wanda ya sayo doki.

To, ga igiya, amma ga hannu. Sanyin ƙashi ya riga ya murɗe yatsun Baba Habila, ba sa lanƙwasuwa sosai, kuma bakinsu ya mutu, ko ƙaya ta soke shi sai ya ga jini kafin ya ji. Saƙa ragaya takwas da dogayen igiyoyinsu ya fi ƙarfinsa. Amya ɗaya daga cikin taran a lokacin ta tsufa ta ɓarke, ya ajiye ta gefe sai ya gyara.

A garin akwai wani magidanci mai suna Kefas, ɗan ƙanin Baba Habila ne, uwa ɗaya uba ɗaya da mahaifinsa. Sana'arsa ke nan, saƙa da igiyar laima. Yana da rumfa a bakin hanya, ya rataye abin hannu da ɗamara da abin rataya makulli da maɗaurin wuƙa, launi kan launi, sai ka tsaya kallo ka manta inda za ka. Hannunsa na da kyau, wannan ba mai musu. Bakinsa ma haka. A majami'a shi ne mai ba da waƙa, in ya ɗaga murya har tsofaffi sukan share hawaye. Baba Habila ya goya shi yana yaro, shi ya fara ɗanɗana masa zuma da ɗan yatsa.

Ya kai masa igiyar tare da ƙwaryar zuma cike, ladan aikinsa tun kafin ya fara. Ya ce, "Kefas, ka san abin da zan rataya a jikin igiyar nan. Abincinmu ne ni da Tabita."

Kefas ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu. Ya ce, "Haba Baba, ai ko ba ka faɗa ba. Aikin gida ne."

Yanzu bari in gaya muku abin da Baba Habila bai gani ba, kuma ku yi mini haƙuri in muryata ta tashi, don duk lokacin da na zo nan a labarin raina ɓaci yake yi. Masu wannan saƙa suna da wata dabara. In za su yi abin hannu ko abin makulli, sukan kama fararen zaren nan su zare su, su bar rigar kaɗai. Riga marar hanji takan kwanta lafiya, kitso ya fito sumul, ado ya zauna. Ba laifi a cikin wannan, abin hannu ba kaya yake ɗauka ba. Kowane mai sana'ar ya san inda ake yi da inda ba a yi, Kefas kuwa ya fi kowa sani. Amma da ya warware igiyar tsohon nan, ya ga hanjinta fari fat, mai santsi, irin wanda ba a samu a ƙauye, sai ransa ya biya. Ya yanka ta tsawo-tsawo, ya zauna ya zare hanjin kaf, ya naɗe ya jefa a buhu. Rigar da ta rage ya kitsa ta uku-uku, ya matse kitson tamau don ta yi tauri a hannu. Ya kunna kyandir ya narke kowane baki ya toshe shi, yadda ba mai leƙa ciki. Ya san idon tsohon ya yi rauni. Ya san yatsunsa ba sa ji. Da wannan sanin ya yi abin da ya yi, jama'a, ba da rashin sani ba!

Sa'an nan ga inda abin ya fi ƙona mini rai. Ya ware gaba goma na igiyar bai taɓa hanjinta ba. Ranar da ya kawo aikin, ya shimfiɗa ragaya takwas a tsakar gida, suna ƙyalli kamar kayan lefe, sai ya ciro ragowar nan ya miƙa. Ya ce, "Baba, ga abin da ya saura. Ban riƙe ko taƙi ɗaya ba."

Baba Habila ya duba bakin ragowar, ga hanji bakwai cif. Ya juya wajen matarsa ya ce, "Kin gani ko? A zamanin nan wa zai dawo maka da saura?" Ya sa wa Kefas albarka har sau uku. Tabita ta kawo masa kunu ya sha, ya goge baki, ya tafi.

Bayan kaka aka rataye amya takwas. Baba Habila ya ɗaura dutse a bakin igiya ya jefa ta haye reshe, ya ja, amya ta tashi sama tana lilo, ya ɗaure a gindi. Ko gezau igiyar ba ta yi ba. Ina za ta yi? Amyar da ba kowa a ciki ai ciyawa ce, ko zaren ɗinki ya riƙe ta. Ragowar gaba goman nan kuwa Tabita ta so ta yi shanya da ita, suka ɗan yi ja-in-ja, ya ce ta bari ya rataye tsohuwar amyar da ya gyara. Kunya ta hana shi komawa wurin Kefas da ƙaramin aiki, sai ya zauna da murɗaɗɗun yatsunsa ya yi ta ƙulle-ƙulle yini guda. Abin da ya fito ba ragaya ba ce, wani cukurkuɗaɗɗen abu ne mai ƙulli kamar ƙafar kaza. Kefas ya biyo ta kurmin wata rana ya gani, ya riƙe ciki yana dariya. Ya ce, "Baba, wannan ai ko jaki aka ɗaure da shi sai ya ji kunya. Da ka kawo na yi maka." Tsohon ma ya yi dariya, ya ce ai tsufa ne.

Ƙudan zuma suka shiga, duka tara. Rani ya yi, kaɗanya ta yi fure, ɗorawa ta bi bayanta, kurmi ya ɗauki ƙugi tun daga safe. Kowace rana Baba Habila yakan zaga da sandarsa, ya hango ruwan ɗorawan nan daga nesa, ya dafa igiya ya ji ta ƙara tsauri. Nauyi na ƙaruwa ke nan. Ya dawo gida ya ce wa Tabita bana kam sai sun nemi ƙarin tulu. Abin da bai sani ba, a can sama inda igiya ta hau reshe, iska na kaɗa amya, ɓawon itace na cin rigar igiyar kaɗan-kaɗan. Igiya mai hanji in rigarta ta goge, hanjin ya riƙe har mai ita ya lura ya canza. Wannan kuwa in rigar ta ƙare, magana ta ƙare.

Ana nan sai ga bikin Ista. Ranar Lahadi aka shiga majami'a aka tarar teburin gaba ya sha wata irin geza fara sol, an saƙa ta da tuntaye tun daga wannan gefe har wancan, tana sheƙi. Mata suka yi ta taɓa juna. Fasto ya miƙe ya ce ɗan'uwa Kefas ne ya saƙa da hannunsa, ya ba Ubangiji kyauta, bai karɓi ko sisi ba. Aka ce ya tashi a gan shi. Ya tashi yana sunkuyar da kai irin na masu tawali'u. Aka yi ta tafi. Baba Habila da yatsunsa masu ciwo ya fi kowa tafawa, yana ce wa na kusa da shi, "Ɗana ne, ɗan ƙanina ne." Tir da wannan rana! Tsoho yana tafa wa abincin bakinsa da aka rataye a gaban jama'a.

Saura kwana shida a ɗebi zuma, da la'asar, hadarin farko na bazara ya taso daga gabas. Ba wani ruwan kirki aka yi ba, iska ce mai ƙarfi ta yi kamar rabin sa'a ta wuce. Baba Habila yana zaune a zaure bai damu ba. Ya ce wa Tabita ai da idonsa ya ƙirga, bakwai ne.

Da gari ya waye ya ɗauki sanda ya nufi kurmi. Tun daga bakin kurmin ya ga igiyoyi suna reto a iska ba komai a jikinsu. Ya ƙara sauri, gwiwa na ƙara, har ya iso itacen farko. Amya na ƙasa ta dare biyu. Saƙar zuma ta farfashe, zuma ta malale ta haɗu da yashi da ruwan sama, tururuwa sun yi mata baƙi ƙirin. Ya wuce na biyu, haka. Na uku, haka. A itace na shida ya tarar da ƙudan sun yi curi a wani reshe, yana tsaye yana kallo suka tashi gaba ɗaya suka nufi yamma, suka bar shi da sanda a hannu. Takwas ɗin nan babu wadda ta tsira. Ya zauna a kan saiwa, ya rasa ma kukan da zai yi.

Da farko mai shagon birni ya zarga. Ya jawo tsinkakken bakin igiyar don ya ga yadda zare bakwai suka tsinke lokaci ɗaya. Ya warware kitson, ya kai kusa da ido. Babu bakwai, babu ɗaya. Ya hura bakin igiyar, iska ta wuce kamar ta cikin kara. Ya ciro reza ya yanka a tsakiya, wayam. Ya je itace na gaba ya yanka, wayam. Sai ya ɗaga kai, ya hango can ƙarshen kurmi tsohuwar amyar nan tana lilo a cikin ƙulle-ƙullensa masu muni, ƙudan zuma na shiga suna fita abinsu. Igiya ɗaya ce, naɗi ɗaya, shago ɗaya. Bambancin kawai hannun da ta bi. A nan farar gezar nan ta faɗo masa a rai, da tafin da ya yi mata. Wani fushi ya taso masa irin wanda bai taɓa ji ba tun da aka haife shi.

Bai biya gida ba. Ya tafi rumfar Kefas da guntun igiyar a hannu, zuma da yashi a ƙafarsa. Kefas na zaune yana kitsa abin hannu, ya taso da fara'a zai gaishe shi. Tsohon ya kama hannunsa ya ɗora masa guntun a tafi.

Ya ce, "Ƙirga mini."

Kefas ya dubi igiyar, ya dubi ƙasa. Ya ce, "Baba, iskar jiya ai ta yi ƙarfi, har rufin makaranta ta..."

"Ƙirga mini, na ce."

Da ya ga ba mafita, sai bakin nan mai zaƙi ya shiga aiki. Wai haka ake yi a sana'ar, kowa na zarewa. Wai kitso uku ya yi, ya ɗauka zai riƙe. Wai ai tsawon igiyar bai ragu ba, launinta bai canza ba, har saura ya mayar. Daga ƙarshe, da ya rasa abin kamawa, sai ya ce, "Kuma Baba, ba ci na yi ba. Ɗakin Ubangiji na kai."

Baba Habila ya daka sandarsa a ƙasa. Ya ce, "Kada ka sa sunan Ubangiji a cikin wannan! Shi ya aike ka ka zare? Da ka roƙe ni, da na yanka maka rabi na ba ka, na rataye huɗu na haƙura. Da ka sace naɗin gaba ɗaya ma ya fi mini, da na san ba ni da igiya, na nemi wata. Amma ka ba ni abin da zan dogara da shi, alhali ka san babu komai a ciki. Na gaya maka abin da zan rataya, Kefas. Na gaya maka da bakina."

Mutane suka fara taruwa. Tsohon ya juya ya tafi gida, ya gaya wa Tabita. Ta tashi daga bakin murhu ta mayar da tulunan da ta wanke cikin ɗaki.

Kashegari da hantsi sai ga Kefas ya yi sallama, idonsa ja, da buhu a kafaɗa. Ya je ya kwance gezar daga teburin majami'a, ya haɗo da sauran zaren da bai taɓa ba. Ya durƙusa a tsakar gida ya zazzage su a gaban tsohon, fari fat, tuli guda. Ya ce, "Baba, ga su. Duka ne. Ka yafe mini."

Baba Habila ya shiga ɗaki ya fito da guntun rigar igiya, tsawonsa gaba guda. Ya miƙa masa. Ya ce, "Mayar da su ciki."

Kefas ya ɗauki zare ɗaya ya soma cusawa. Ya shiga kamar tsawon ɗan yatsa ya lanƙwashe. Ya jiƙa bakinsa da miyau, ya sake, ya cukurkuɗe. Ya nemi tsinke ya tura, tsinken ya huda rigar ya fito ta gefe. Mutumin da duk garin ba mai hannunsa, ya yi ta fama har rana ta take, gumi na ɗiga daga haɓarsa, bai mayar da ko ɗaya ba cikin bakwai, a tsawon gaba guda tak cikin igiyar da ya zare a yini guda. Ya ajiye, ya rufe fuska.

Tsohon ya ce, "Yafewa na yafe maka, don ni ma ana yafe mini. Amma ka duba da kyau. Ko da ka mayar da su, ƙudan sun tafi."

Ranar ɗibar zuma, masu ja da masu shuɗi suka yi ta wucewa da tuluna a ka. Baba Habila ya kwance igiyarsa mai ƙulli kamar ƙafar kaza, ya sassauto amya ɗaya. Zumarta ta cika ƙwarya biyu da ɗan kaɗan. Da ita suka shiga damina, shi da Tabita, kuma kafin sabon hatsi ya nuna, mutumin da bai taɓa miƙa ƙwarya ba ya miƙa ta ta kan danga.

Ma'anar wannan misali ita ce, igiyar nan kai ne, ke ce, ni ne. Rigar mai launi ita ce abin da mutane suke gani a jikinmu: zuwa sujada, kayan zumunta iri ɗaya, murya a waƙa, gaisuwa da durƙuso, iya addu'a a gaban jama'a. Ba na zagin riga. Baba Habila da kansa ya zaɓi launi, kuma launi ya yi masa amfani, da shi yake gane nasa daga nesa. Ya kamata a hango mai bi daga nesa a san na wane ne. Amma riga ba ta ɗaukar kaya. Abin da yake ɗauka yana ciki inda ba mai gani: tsoron Allah lokacin da kake kai kaɗai a rumfa, gaskiya a aikin da ka san mai shi ba zai iya dubawa ba, cika maganar da ka faɗa da bakinka.

Kun lura igiyar ba ta tsinke ranar da aka rataye ta ba? Wata biyar tana sheƙi. Haka mutum marar hanji yake daɗewa a cikin ikilisiya ana yabonsa, domin ba a ɗora masa komai ba tukuna. Sai ran da aka ba shi amana mai nauyi, aka ba shi aure, ko marayu, ko asirin wani, ko shugabanci, iska kuma ta taso, ran nan ake jin faɗuwa. Kuma abin da yake ba ni haushi, ba igiyar ce take fashewa a ƙasa ba. Igiya tana nan sama tana reto da launinta. Amyar wani ce take darewa. Matarka ce, 'ya'yanki ne, tsohon da ya goya ka ne, sabon mai bi ne da ya dube ka ya ce in haka masu bi suke, shi ma zai bi.

Ku kuma masu zare hanjin mutane ku kawo wa Allah geza, ina da magana da ku. Kai da kake yi wa mai gini rabin siminti ka zo ka saya wa majami'a fitila. Ke da kike tauye mudu ranar Asabar ki fi kowa rawa da baiko ranar Lahadi. Mu za ku iya sa mu tafa muku, mun tafa wa Kefas ai. Ubangiji ba ya tafawa. Ya san daga cikin igiyar wa aka zaro kowane zare da ke kan teburinsa, kuma ba ya karɓar ado da aka saƙa da abincin tsoho. Kada kuma wani ya zo mini da cewa ai Baba Habila ne bai duba ba. Ya duba a shagon baƙo, inda ya kamata a duba. A gidan ɗansa ne bai duba ba. Kaiton garin da sai an yanka aikin ɗan'uwa da reza kafin a yarda da shi.

Wataƙila wani yana zaune a nan ya san an riga an zare nasa, shi da kansa ya zare, ya narke baki ya toshe. Ka ga Kefas, hannunka ba zai iya mayarwa ba. Wanda ya saƙa ka tun farko shi kaɗai yake iya sa sabon hanji a tsohuwar riga, kuma yana yi, ga duk wanda ya buɗe bakin da ya toshe ya ce, ga ni, wayam nake. Amma ka zo tun amya tana sama. Kefas ya sami gafara, Baba Habila bai sami ƙudansa ba.

In kuma kai ne mai ƙulli kamar ƙafar kaza, ba ka iya waƙa, addu'arka a gaban mutane sai ta harɗe, ba a taɓa cewa ka tashi a gan ka ba, to kada ka ji kunyar dariyar masu kitso. Tsofaffi biyu sun ci abinci a daminar nan saboda ƙulli irin naka.

Saboda haka in kun koma gida yau, kowa ya yanki bakin igiyarsa a gaban Allah ya ƙirga. Kada ka ƙirga ta maƙwabcinka, taka za ka ƙirga. Akwai wanda ya rataye abincinsa a jikinka ya tafi ya kwanta da zuciya ɗaya, kuma zumarsa tana ƙara nauyi kowace rana.